Aikin Jami'a a Fannin Niyurosaikoloji da Binciken Cututtukan Ƙwaƙwalwa Masu Daɗewa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ɗalibai ne suka fi yi mini su, wasu a aji, wasu ta saƙo, wasu kuma sai an tashi daga taro su tare ni a bakin ƙofa. Na lura yawancin masu tambayar sun riga sun kamu da son ilimin ƙwaƙwalwa, sai dai ba su san yadda mai wannan aiki yake wuni ba, balle yadda shekarunsa suke tafiya. Shi ya sa na tattara amsoshin wuri guda.

Malam, mene ne niyurosaikoloji, kuma me ya raba shi da aikin likitan jijiyoyi?

Fanni ne da ke nazarin alaƙar ƙwaƙwalwa da abin da mutum yake yi da ita: tunawa, magana, mayar da hankali, tsara aiki, kame kai, gane fuska da gane hanya. Likitan jijiyoyi yana neman sanin wace cuta ce, ina ta kama, wane magani za a bayar. Mu kuwa tambayarmu ita ce: me cutar ta taɓa a tunanin wannan mutum, me ta bar masa, kuma yaya hakan zai shafi aikinsa da karatunsa da zamansa da iyali? Yawancinmu ba likitoci ba ne, ba ma rubuta magani. Daga ilimin halayyar ɗan Adam muka fito.

A jikin marasa lafiya aka koyi wannan ilimi, ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1861 Paul Broca ya ga wani mutum a asibiti a Faransa mai suna Leborgne, wanda yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma bakinsa ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka ga lahani a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: mutum na zuba magana ba tsayawa, amma maganar ba ta da kai, shi ma ba ya gane ta wasu. Sai kuma Henry Molaison, wanda aka daɗe ana kira H.M. A 1953, yana ɗan shekara 27, aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe daga cikin ƙwaƙwalwarsa ta ɓangarori biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon abu ba. Brenda Milner ta jami'ar McGill a Kanada ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, shi kuwa kullum ba ya tuna ya taɓa yin aikin. Daga nan aka tabbatar cewa tunawa iri-iri ce, kuma kowace da hanyarta a ƙwaƙwalwa.

Me ya sa ake mayar da hankali kan cututtuka masu daɗewa?

Saboda da su mutane suke rayuwa, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Masu cutar mantuwa sun kai miliyan 57 a 2021. Masu cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwa da nauyin motsi, sun haura miliyan 8.5 a 2019. Cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, ta kama mutum miliyan 2.8 a ƙididdigar 2020, kuma ta fi kama matasa tsakanin shekara 20 zuwa 40, mata sun fi maza. Ga waɗanda suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki, ga masu sikila da jini ke toshe musu ƙananan hanyoyi a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba, ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ɓangaren da muke nazari ba ya ganuwa. Kowa na ganin karkarwar hannun mai Parkinson, amma ba a ganin yadda tsara aiki mai matakai uku ya zame masa jidali. Mai MS za ta iya tafiya da ƙafarta lafiya lau, amma in mutum uku suka yi magana lokaci guda a wurin aiki sai zaren ya kuɓuce mata. Kusan rabin masu wannan cuta suna fama da irin wannan nauyin tunani. Sau da yawa shi ke raba su da aiki, ana kuma ce musu ragwaye.

Wane karatu ake bi kafin a kai ga wannan aiki?

Hanyar da aka fi bi ita ce digiri na farko a ilimin halayyar ɗan Adam ko kimiyyar ƙwaƙwalwa, sai digiri na biyu, sai digirin digirgir. Bayan nan akasari ana yin shekaru kaɗan a ƙarƙashin wani babban mai bincike kafin a samu kujerar lakcara. Wasu ta aikin likita suke shigowa, wasu ta aikin gyaran magana ko ta ilimin kwamfuta.

Ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa ga mai son ganin marasa lafiya. A Amurka, tun taron Houston na 1997, tsarin da aka amince da shi shi ne digirin digirgir, da shekara guda ta aikin asibiti ƙarƙashin kulawa, da ƙarin shekara biyu na ƙwarewa a wannan fanni kaɗai. A Birtaniya sai mutum ya yi digirin shekara uku na aikin asibiti a ilimin halayya, sannan ya ɗora takardar ƙwarewa a niyurosaikoloji. Duk inda kake son yin aiki, ka fara bincika abin da hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta wurin take buƙata tun kafin ka zaɓi kwas. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dole ne sai na riƙa ganin marasa lafiya, ko zan iya tsayawa kan bincike kawai?

Ba dole ba ne. Akwai manyan masu bincike da ba su da lasisin asibiti. Amma ra'ayina, wanda bai taɓa zama awa uku da mai farfaɗiya yana gwada shi ba, ba zai san abin da lambobin da ke kwamfutarsa suke nufi ba. Ko da ba za ki bi hanyar asibiti ba, ki nemi izinin zama a gefe kina kallo, na wata shida ko shekara.

Me ake yi a ɗakin gwaji?

Da hira ake farawa, kuma ita ce rabin aikin. Yaushe aka fara lura da canjin? Wa ya fara lura, shi ko matarsa? Yaya barcinsa? Waɗanne magunguna yake sha? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Maganin farfaɗiya irin su fenobabiton na sa nauyin tunani, tofiramet kuma na sa kalma ta maƙale a baki. Wasu magungunan Parkinson da ke kwaikwayon sinadarin dofamin sukan jefa mutumin kirki cikin caca ko kashe kuɗi ba kan gado, iyali su ɗauka halinsa ne ya lalace.

Sai gwaje-gwajen. A karanta wa mutum jerin kalmomi, a ce ya maimaita, bayan minti ashirin ko talatin a sake tambayarsa. A ba shi zane mai rassa da yawa ya kwafa, a ɗauke, ya zana da ka. A gwajin Stroop, wanda aka wallafa a 1935, za a rubuta kalmar "ja" da koren tawada a ce ya faɗi launin tawadar, don a ga ko zai iya danne abin da bakinsa ya saba. A gwajin SDMT, wanda masu binciken MS suka fi dogara da shi, daƙiƙa 90 ake ba mutum ya haɗa alamomi da lambobi. Akwai kuma gajerun gwaje-gwajen dubawar farko, MMSE na 1975 da MoCA na 2005, kowanne maki 30.

Makin shi kaɗai ba ya faɗin komai. Mutum biyu za su iya cin maki ɗaya a gwajin tuna kalmomi, na farko kalmomin ba su shiga ba sam, na biyu sun shiga amma ya kasa zaƙulo su, da ka ba shi ɗan haske sai su dawo. Cutarsu daban, taimakon da za a yi musu ma daban. Mai gwajin da idonsa ke kan agogo da takarda kawai ba zai ga wannan ba.

Gwajin da aka ƙirƙira a wata ƙasa, da wani harshe, yana aiki ga kowa?

A'a, kuma a ganina wannan ita ce babbar tambaya a fanninmu yau. Kowane gwaji yana auna mutum ne da sakamakon wasu mutane masu lafiya da aka fara gwadawa. Yawancin waɗannan mutane daga Amurka ta Arewa da Turai aka ɗebo su, sun yi makaranta shekaru da yawa, sun saba da fensir da agogo da tambayar da mai yin ta ya riga ya san amsarta. In ka ɗauki wannan ma'auni ka ɗora wa dattijon da bai taɓa riƙe alƙalami ba, za ka rubuta cewa yana da cutar mantuwa alhali ƙwaƙwalwarsa garau take.

Alexander Luria, masanin Tarayyar Sobiyet da ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni, ya ci karo da haka tun 1931 da 1932 a ƙauyukan Uzbekistan. Ya nuna wa manoman da ba su yi makaranta ba hoton guduma da zarto da gatari da gungumen itace, ya ce su fitar da wanda bai dace da sauran ba. Amsar makaranta ita ce gungumen, tunda sauran kayan aiki ne. Manoman suka ƙi fitar da shi, hujjarsu kuwa ita ce zarto da gatari ba su da amfani in babu itace. Babu wanda zai ce wannan rashin hankali ne. Tunani ne da ya ginu a kan aiki, gwajin kuma wani irin tunani daban yake nema.

Har yanzu muna fama da wannan. MMSE na sa mutum ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Wani sanannen gwaji na sa a haɗa lamba da harafi bi da bi, 1 zuwa A, 2 zuwa B, wanda ba shi da ma'ana ga wanda bai san jerin haruffan boko ba. MoCA na ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, sai dai maki ɗaya ba zai cike ratar da ke tsakanin wanda ya yi shekara 11 a aji da wanda bai taɓa shiga ba. Fassara ma ba ta wadatar. Kalmar da take gajeriya kuma ta yau da kullum a wani harshe tana iya zama doguwa kuma baƙuwa a wani, nan take wahalar gwajin ta canza.

A 1998 aka kafa ƙungiyar bincike mai suna 10/66. Sunan kansa ƙorafi ne: ƙasa da kashi 10 cikin 100 na binciken cutar mantuwa ne ya shafi kashi 66 na masu cutar, waɗanda ke zaune a ƙasashe masu tasowa. Sun tsara hanyoyin gwaji da ba su jingina da karatun boko sosai ba, suna kuma haɗawa da bayanin wanda yake zaune da mara lafiyar. Ɗalibin da ya ɗauki gwaji guda ɗaya, ya gyara shi ya dace da harshen mutanensa, ya gwada ɗaruruwan masu lafiya na shekaru da matakan karatu daban-daban har ya fitar da ma'auni, ya yi aikin da likitoci za su ci moriyarsa shekara ashirin. Irin wannan aiki ba ya jawo tafi a taro, amma ni ina fifita shi a kan maƙaloli da yawa masu ƙyalƙyali.

Me ya sa binciken nan yake cin shekaru haka?

Saboda abin da muke son sani shi ne yadda mutum yake canzawa, kuma ba ka ganin canji a gwaji ɗaya. Sai ka gwada mutum bana, ka sake gwada shi baɗi, da shekarar da ke biye. Da yawa daga manyan abubuwan da aka gano a wannan fage haka aka same su. A 1986 David Snowdon ya fara bin wasu mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika a Amurka, su 678 suka yarda a riƙa gwada su kowace shekara, kuma a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa. Aka samu wasu da ƙwaƙwalwarsu ta cika da alamun cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar mantuwa, amma har suka bar duniya tunaninsu bai nuna ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana da ajiya da take jure lahani da ita. A 2022 kuma aka wallafa binciken da ya bi jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10 na tsawon shekara 20, ya nuna haɗarin kamuwa da MS yana ninkuwa sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr.

Irin wannan bincike yana da tarkuna biyu da nake so kowane ɗalibi ya sani tun da wuri. Na farko, sabo. Wanda ya yi gwaji sau uku ya san shi, makinsa na iya tsayawa cik ko ma ya hau alhali cutar na ci. Na biyu ya fi haɗari: waɗanda suka daina zuwa. Ba kowa ke ɓacewa haka kawai ba, waɗanda jikinsu ya fi tsananta su ne suka fi kasa dawowa. In ka ƙirga waɗanda suka rage kaɗai, sai ka ga kamar cutar tana da sauƙi. Akwai dabarun ƙididdiga da ke rage wannan illa, amma babu dabarar da ta kai a ce mutumin ya dawo. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa jarin mai wannan bincike shi ne amincewar mutanen da yake bi. Ka san sunan mai rakiyarsu, ka sa lokacin gwaji sa'ar da ƙarfinsu ya fi, ka tsaya in sun gaji, kuma in an gama shekara ka koma ka faɗa musu abin da aka gano cikin harshen da za su fahimta. Wanda aka mutunta shi ke dawowa shekara ta biyar.

Yanzu da ake da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, gwajin fensir da takarda bai zama tsohon yayi ba?

Hoto na nuna inda lahani yake, ba ya nuna ko mutum zai iya komawa koyarwa ko tuƙi. Mutum biyu masu hoto kusan iri ɗaya, ɗaya na aiki, ɗaya ba ya iya biyan kuɗin wuta da kansa. Ka koyi karanta hoton MRI, mai nuna sassan ƙwaƙwalwa, da zanen EEG, mai nuna motsin lantarkinta, za su yi maka amfani ƙwarai. Amma ka sani wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna cewa in ana son alaƙa tabbatacciya tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da bambancin halayen mutane, dubban mutane ake buƙata, ba ashirin ko talatin da aka saba ba.

Ba na jin daɗin lissafi. Zan iya?

Za ki iya, in kin yarda ki koya. Ba lissafin injiniyoyi ake nema ba, ƙididdiga ce, kuma ba ta da makawa. Ki koyi manhajar R ko Python tun yanzu. A 2015 wata tawagar masana ta maimaita bincike 100 na ilimin halayya, kusan kashi 36 ne kacal suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Tun daga nan aka fara matsa wa masu bincike su rubuta hasashensu da hanyar nazarinsu a bainar jama'a kafin su tattara bayanai. Ki saba da wannan ɗabi'a tun a kundin digirinki na biyu.

Yaya zan zaɓi mai duba aikina da maudu'in digirin digirgir?

Mai duba aiki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Kafin ka amince da kowa, ka nemi ɗalibansa na da, ka tambaye su: yana karanta abin da aka ba shi? Cikin mako nawa yake mayarwa? Sunan wa ke fara fitowa a maƙala in ɗalibi ne ya yi aikin? Mutum nawa suka gama a hannunsa, ina suke yanzu? Sannan ka tabbatar yana da alaƙa ta gaske da asibitin da marasa lafiyar suke zuwa. Na ga ɗalibai masu hazaƙa da suka ƙone shekara biyu suna jiran izinin shiga wani asibiti da aka yi musu alkawarinsa da baki kawai.

Game da maudu'i, ka ƙuntata shi. "Tunani a cutar farfaɗiya" fage ne, ba tambaya ba. "Shin yaran da farfaɗiyarsu ta fara kafin shiga makaranta sun fi samun matsalar karatu fiye da waɗanda ta fara musu daga baya, in an daidaita maganin da suke sha?" Wannan tambaya ce da za a iya amsawa cikin shekara uku ko huɗu. In samun marasa lafiya zai yi maka wuya, akwai manyan rumbunan bayanai da ake buɗe wa mai bincike in ya nema, irin su ADNI na cutar Alzheimer da aka fara a 2004, da PPMI na cutar Parkinson da gidauniyar Michael J. Fox ta fara a 2010.

Gaskiya ne cewa samun aiki na dindindin a jami'a yana da wuya?

Gaskiya ne. Masu gama digirin digirgir sun fi kujerun da ake da su yawa nesa ba kusa ba, kuma mutane da dama suna shafe shekaru a kwantiragin shekara biyu ko uku, suna ƙaura daga gari zuwa gari. Wanda ya samu kujerar ma lokacinsa a rabe yake tsakanin koyarwa, duba kundaye, zaman kwamiti da rubuta takardar neman tallafi. Manyan masu ba da tallafi irin su NIH a Amurka da Wellcome a Birtaniya suna mayar da mafi yawan takardun da ake aika musu, har na ƙwararru. Akwai kuma rashin jituwa da ya keɓanta da fanninmu: tallafi na shekara uku zuwa biyar ne, cutar kuwa ta shekara talatin ce. Babban ɓangare na aikin shugaban bincike shi ne ya haɗa wannan tallafi da wancan don kada a yanke bin mutanen a tsakiya.

Matsin lambar wallafa maƙala na tura wasu ga mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Ka guje su, tabonsu ba ya goguwa daga takardar tarihin aikinka. Kuma ka shiga ƙungiyar masana tun kana ɗalibi. Ƙungiyar masana niyurosaikoloji ta duniya, INS, wadda aka kafa a 1967, tana da sashen ɗalibai, a irin tarukanta ake haɗuwa da abokan aikin shekaru masu zuwa.

Yaya ake neman yardar mutumin da tunaninsa ya fara rauni?

Tushen ƙa'idar shi ne sanarwar Helsinki ta 1964: ba a sa kowa a bincike sai da yardarsa bayan ya fahimta. Samun cutar ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya rasa ikon yanke shawara. Ana duba ko ya gane abin da ake nema, ya riƙe shi gwargwadon da zai auna, ya kuma faɗi zaɓinsa. In ya kasa, sai a nemi wakilin da doka ta yarda da shi, amma ko wakili ya sa hannu, in mutumin ya ture takardar ko ya nuna ƙi, an gama. A bincike mai tsawo yardar bara ba ta isa bana, sai an sabunta.

Cutar Huntington, wadda ke lalata motsi da tunani sannu a hankali, ta fi kowace nauyi a nan. Ta gado ce, duk ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ita yana da rabin yiwuwar ɗauka, kuma tun 1993 da aka gano ƙwayar halittar da ke jawo ta ana iya sani da gwajin jini shekaru kafin alama ta bayyana. Mutane da yawa sun zaɓi kada su sani. Dole a tsara binciken ta yadda ko da kuskure ba za a sanar da su ba.

Tunda yawancin cututtukan nan ba a warkewa, ina amfanin binciken?

Wannan tambaya takan zo daga ɗaliban da ke da mara lafiya a gida, kuma ina jin nauyinta. Da farko, ba duka ne ba su da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu ganewa da magani daidai. Ga waɗanda magani ya gaza musu, wani gwaji da aka yi a Kanada aka wallafa a 2001 ya nuna kashi 58 na waɗanda aka yi wa tiyata sun shekara ba tare da farfaɗiyar da ke gusar da hankali ba, a masu shan magani kaɗai kuwa kashi 8. Kafin irin wannan tiyata, mu ake kira mu auna ko ɓarin ƙwaƙwalwar da za a bari zai iya ɗaukar nauyin tunawa da magana. Darasin H.M. ke nan, kuma saboda shi ba a sake maimaita abin da ya same shi.

Sai rigakafi. Kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da suka haɗa da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, shan taba, bugun da ya ji wa kai rauni, ƙarancin karatu da kaɗaici, ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 na cutar mantuwa. A Finlan, gwajin FINGER ya bi tsofaffi 1,260 na shekara biyu, waɗanda aka haɗa wa motsa jiki da gyaran cima da horar da tunani da kula da hawan jini suka fi sauran riƙe kaifinsu. Ko sabon maganin Alzheimer, lekanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, da ma'aunin tunani da na ayyukan yau da kullum aka gane yana rage saurin lalacewa da kusan kashi 27 cikin wata 18. Ko wannan ragi ya isa iyali su gani a gida, ga kuma haɗarin kumburi da ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, muhawara ce da ba a rufe ba, kuma masu irin iliminmu ne za su taimaka a warware ta.

Akwai kuma farfaɗo da rayuwa. Barbara Wilson da abokan aikinta a Birtaniya sun nuna cewa mai matsalar tunawa ya fi koyo in aka hana shi yin kuskure tun farko, domin kuskuren yake riƙewa ya manta gyaran. Sun kuma nuna saƙon tunatarwa da ke zuwa kan lokaci yana sa mutum ya sha maganinsa ya cika alkawuransa da kansa. Ga wanda ya shekara uku sai an tuna masa komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin ba ya taɓa zuciya?

Yana taɓawa. Za ka gwada mutum shekara shida a jere, ka ga ranar da ya kasa zana agogon da a da yake zanawa yana hira. Wani lokaci shi bai ma san ya canza ba, domin akwai lahanin da ke hana mutum ganin lahaninsa, yanayin da Joseph Babinski ya sa wa suna a 1914. Matarsa da ke zaune a gefe ita ta sani. Na koyi barin minti goma a ƙarshen kowane zama don mai jinya, domin sau da yawa babu wanda ya tambaye ta yadda take. Kai ma ka samu babba a fannin da za ka riƙa zama da shi kuna tattauna abin da ka gani, kada ka riƙa kai shi gida kai kaɗai.

Ina shekarar ƙarshe a digiri na farko. Me zan fara yi a wannan zangon?

Ka je wurin malamin da ke da bincike a hannu ka ce kana son taimakawa, ko da shigar da bayanai ne a kwamfuta ko kiran mahalarta a waya. Ka zaɓi cuta ɗaya ka karanta ta sosai, daga yadda take farawa a jijiya har zuwa yadda masu ita suke bayyana ranakunsu. Ka ɗauki kwas ɗin ƙididdiga da muhimmanci, ka kuma koyi tsarin sassan ƙwaƙwalwa har ka iya zana su da ka. In akwai ƙungiyar masu farfaɗiya ko masu jinyar tsofaffi kusa da kai, ka nemi izinin halartar zamansu, ka zauna a baya ka saurara, ka rubuta kalmomin da suke amfani da su wajen faɗin abin da ke damunsu. Da waɗannan kalmomi za ka rubuta tambayoyin hirarka ta farko.